Tsatsar da Korau Ya Kankare

A gabas da garin Sabuwar Kaltu akwai kufai. Nan tsohon birnin yake kafin mutane su tashi. Ganuwa ta zube, saura guntaye. Masallacin ba rufi, ƙasa ta cike ramukan marina, ƙofar gabas kuwa ginshiƙanta biyu ne kawai a tsaye. Mutanen gari ba sa taka wurin in rana ta take. Korau yana takawa.

Korau a da ɗan gwangwan ne, mai sayen tsohon ƙarfe. Ya bi masu haƙar zinariya zuwa arewa, bai samo zinariya ba, sai ya dawo da na'ura. Sanda ce mai faifai a gindi, da waya, da abin sawa a kunne. In ka shafa faifan a kan ƙasa ya bi ta kan ƙarfe, sai ta yi maka kuka a kunne. Da ita yake bin gindin ganuwa da kangayen fada. Ya tono bakin mashi, ya tono linzami da likkafa, da tsoffin aninai masu huda. Komai ya samo sai ya kai gida ya kankare shi da lemun tsami da toka har ya yi ƙyalli, don a ganinsa abu mai tsatsa ba abin nuna wa mutane ba ne.

Liman ya taɓa ce masa, "Korau, wurin nan da masu shi."

Ya ce, "Su fito mu gan su."

Matarsa Tabawa ce. Su biyu ne a gidan, sun tsufa tare. Yana ciyar da ita, yana tufatar da ita, amma bai taɓa miƙa mata wani abu don kawai ta yi murna ba. Ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Ran nan da rana tsaka yana shafa faifai a gindin ginshiƙin ƙofar gabas, sai na'ura ta yi wani kuka da bai saba ji ba, siriri, mai tsawo, kamar na mace daga nesa. Ya sa dagi ya haƙa, ko bisimilla bai yi ba. Ya ciro munduwar ƙafa ta tagulla. Tsatsa mai kore-kore ta ci ta har ta zama kamar ɓawon gyaɗa, in ka matsa sai ta ruguje.

Ya kai ta gida, ya zauna a inuwar darbejiya, ya yanka lemu ya ɗebo toka. Yana goga tana cikowa. Maimakon ta ƙara sirancewa sai ta yi kauri, ta yi nauyi, ta koma ja kamar yau maƙeri ya sauke ta. Ƙwayoyin da ke cikinta suka saki, ya girgiza ta ta yi ƙara mai daɗi. Ya daɗe yana juya ta a hannu. Sai ya jefa wa Tabawa ita a kan tabarma.

"Ungo."

Ta dube ta, ta dube shi. "Malam, ni? Da tsufana? Ai sai yara su bi ni da waƙa."

"In ba ki so a kai kasuwa."

"Wa ya ce ba na so?"

Ta sa a ƙafa tana ɓoye murmushi da gefen mayafi. Ta miƙe ta taka, munduwa ta amsa. Ta sake takawa. Sai aka rangaɗa wani kuka daga wajen kufai, kaji suka watse, akuyoyi suka tsinke igiya. Guguwa ta shigo ta kan katanga, ta tsaya a tsakar gida, ta naɗe Tabawa ta fita. Saura takalminta ɗaya da tukunya a kan wuta.

Maƙwabta suka taru, aka yi salati, aka yi addu'a. Da aka ce wa zai raka Korau kufai, kowa ya dubi ƙasa. Bai roƙi kowa ba. Washegari da rana ta take ya rataya na'ura, ya saɓa dagi, ya tafi shi kaɗai.

A bakin ƙofar gabas na'ura ta fara kuka tun faifan bai taɓa ƙasa ba. Ya ɗaga shi sama, kukan ya ƙaru. Daga sararin da ke tsakanin ginshiƙan nan biyu yake fitowa. Wannan karon ya yi bisimilla, ya rufe ido ya shiga.

Da ya buɗe ido sai ga ƙofar nan cikakkiya, da ƙyaurenta da soronta, sama kuma launin toka, ba rana ba gajimare. Wani aljani na zaune a bakin ƙofar, tsawonsa kamar giginya, ƙafafunsa kofaton jaki, gemunsa ya naɗe a hannu kamar igiyar guga.

"Tsaya nan, ya kai ɗan Adam. Ni ne Darbusu, mai tsaron ƙofa. Faɗi sunanka da na ubanka da abin da ya kawo ka."

"Korau ɗan Jatau. Matata na zo ɗauka."

Aljanin ya sunkuyo ya ƙare masa kallo, ya tuntsire da dariya. "Ashe kai ne Mai Kankara! Na zaci wani ƙato ne. Kai ɗin nan mai ƙafafu kamar sillen kara, kai ka hana birni guda runtsawa?"

"Ban zo hira ba. Wa ya ɗauke ta?"

Dariyar ta ɗauke. Darbusu ya ce, "Saurara, don ba zan maimaita ba. Ku 'yan Adam an yi muku baiwar mantuwa. Kuna binne naku, ku yi kuka, kwana ya tashi, ku koma kasuwa. Mu ba a ba mu ita ba. Abin da ya same mu yau, haka zai zauna ɗanye har a busa ƙaho. Shi ya sa in an yi mana mutuwa sai mu ɗauki ƙarfen da mamacin yake sawa mu binne. Yadda ƙasa ke cin ƙarfen, haka take cin baƙin cikin. Ran da tsatsa ta gama da shi, mai makoki ya tashi ya wanke fuska."

Darbusu ya gyara zama ya ci gaba.

"Akwai wata a cikinmu, sunanta Kurzanatu. 'Yarta ta faɗi a bakin ƙofar nan tun ana kwaɓa ƙasar ganuwarku, ta binne munduwarta a inda ta faɗi. Saura ƙiris ƙasa ta gama. Har ta fara leƙowa ƙofar gida, har wata maƙwabciya ta rantse ta ji dariyarta. Sai ga ka da lemun tsami."

"Ban sani ba."

"Ka tambaya?"

Korau ya gyara ratayar na'ura. "Nuna mini hanya."

"Ajiye dagi. Ba a shiga ƙasarmu da abin haƙa. Sandar nan kuwa tafi da ita, ita ba ta haƙa, tsegumi kawai take yi, kuma za ka buƙace shi. Gabanka filin binne ne. Duk inda ka taka a kan ƙarfe, baƙin cikin mai shi zai hau ka. In ya hau ka, kada ka zauna."

Ya ajiye dagi ya wuce.

Filin ba shi da iyaka, ba ciyawa, ba bishiya, sai suri nan da can. Da ya matso kusa da wani surin sai ya ga yana da kafaɗu da kai. Wani ma har da alamar rawani. Mutane ne da suka shigo gabaninsa suka zauna.

Ya sa abin kunne ya shafa faifai. Kuka ya cika masa kai. Ba kukan na'ura ba ne, muryoyi ne, maza da mata, wani na kiran ƙanensa, wata na kiran mijinta, wasu sabbi masu tsaga kunne, wasu sun dushe kamar numfashi. Tun da ya sami na'urar nan inda ta yi kuka yake nufa. Yau sai ya koma neman inda ta yi shiru. Ya shafa dama, kuka. Ya shafa hagu, shiru, ya sa ƙafa. Haka ya yi ta tafiya a karkace kamar mai bin tudun gona bayan ruwa.

A tsakiyar filin ya ga bakin wata tukunya ya fito daga ƙasa, cike da sarƙoƙin zinariya. Abin da ya bar gida ya je nema a arewa bai samu ba, ga shi nan, hannu kawai zai miƙa. Tafin hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ya ga surai sun kewaye tukunyar, kowanne da hannu a miƙe. Ya tofar da yawu ya kauce.

Can gaba shirun ya ƙare. Ko'ina ya shafa kuka ne. Ya tsaya, ya zaɓi inda muryar ta fi dushewa, ya taka. Nan take wani abu mai sanyi ya hau ƙafarsa har gwiwa, ya ji yana kewar wani ɗan'uwa da bai taɓa haɗuwa da shi ba, kewar da ta sa duniya ta fita ransa. Ya fara sunkuyawa zai zauna. Ƙasa ta yi masa kama da shimfiɗa. Ya ciji harshensa har ya ji jini, ya ja ƙafar da hannu biyu, ya jefa ta gaba. Daga nan har ƙarshen filin da ɗingishi ya tafi, ƙafar ba ta ƙara komawa daidai ba.

Filin ya ƙare a bakin wani kogi mai faɗi, ruwansa fari fat, yana gudu da ƙyamaren ɗakuna da turame da tabarmi. A bakin gaɓa wani aljani gajere mai ɓawon kifi a baya yana zaune cikin ɓarin wata ƙatuwar ƙwarya, da gora a hannu.

Korau ya yi sallama. Aljanin ya amsa, ya ce, "Mai Kankara, ka iso? Ka ga aikinka? Wannan da kake gani hanyar kasuwa ce. Ni ma dillalin raƙuma ne, ruwan idon Kurzanatu ya mai da ni mai fito."

"Ƙetare da ni."

"Da me za ka biya?"

"Ba ni da komai."

"Ga abu a kafaɗarka. Ƙarfe ba ya ƙetare ruwan nan sai wanda ake makoki da shi."

Korau ya dubi na'urar. Ita ce gonarsa, ita ce jakinsa. Saboda ita ne yara ke binsa in ya ratsa gari, manya suna tambayarsa me ya samo yau. Ya cire ta ya miƙa.

Mai fito ya cusa abin kunnen a wani rami da ke gefen kansa, ya shafa faifan a kan ƙwarya, shiru. Ya shafa a kan cikinsa, shiru. Ya kai shi ƙirjin Korau, sai ta ƙwala kuka har ya zabura.

"Kai! Me ka binne a nan?"

"Maɓallin riga ne."

"Rigar taka ba ta da maɓalli, ɗan Adam. Shigo dai."

Mai fito ya tura na'urar cikin yashi, suka kama hanya. Suna tsakiyar ruwa sai mai fito ya ɗaga kai ya ce, "Kwanta! Toshe kunne! Kurzanatu za ta ja numfashi!" Kogin ya janye baya har Korau ya hango rumfunan kasuwa a ƙarƙashi, da ma'auni a rataye. Sannan kukan ya zo. Ruwa ya tashi kamar ganuwa ya faɗo musu. Ƙwarya ta kife. Korau ya nutse, ya sha ruwan, gishiri ne da ɗaci, ya taso ya kama wani turmi da ke wucewa, turmin ya juya da shi, ya sake nutsewa. Sai ya ji an saƙalo wuyan rigarsa da gora an finciko shi, an jefa shi a kan gaɓa kamar tsumma.

Mai fito ya ce, "Bi ƙarar. Ba za ka ɓata ba."

Birnin aljanu rabinsa a ruwa yake. Suna kan soraye da 'ya'yansu da tukwanensu, masu ƙaho da masu fikafikai da masu fuska a ciki. Da suka gan shi aka ɗauki ihu, "Ga Mai Kankara! Ga Mai Kankara!" Aka yi ta jifansa da ƙasusuwa. Wani ya fasa masa goshi. Bai ɗaga kai ba, bai sa hannu ya kare ba. Kunnensa na kan wata ƙara da ke fitowa daga ƙarshen lungu: kacau, kacau, kacau.

Ya yi sallama a bakin zauren ya shiga.

Kurzanatu na zaune a ƙasa, duk da haka kanta na taɓa rufi. Gashinta ya rufe dabe. Daga idanunta ruwa na zuba ta kumatu, ya haƙa magudana biyu, ya fita ta ƙarƙashin ƙofa. A gabanta Tabawa na tafiya daga wannan bango zuwa wancan. An yi mata kitson 'yan mata a kan furfura, an sa mata lalle. Ƙafafunta sun kumbura, dugaduganta sun tsage, duk inda ta taka sai ta bar jini.

Aljanar na cewa, "Taka, Sindi. Taka, 'yata."

Tabawa ta gan shi. Ba ta tsaya ba, ba ta iya tsayawa. Ta ce, "Malam, ka zo? Me ya sami goshinka? Na bar tukunya a wuta, an sauke kuwa?"

"An sauke."

Korau bai taɓa durƙusa wa kowa ba tun rasuwar ubansa. Ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, ni ne na tono, ni ne na kankare. Wannan ba ta san komai ba. Kuma ba 'yarki ba ce. Tsohuwa ce, ta haura sittin."

Kurzanatu ta juyo da kanta a hankali. "Sittin. Tawa ta wuce haka tana goye a bayana. Ya kai ɗan Adam, kana zaton uwa ba ta san takun 'yarta ba? Na san ba ita ba ce. Tawa da gudu take tafiya. Amma in wannan ta tsaya shiru yakan dawo, shirun nan kuwa shi ne na ranar da aka shigo mini da ita a kan hannu."

"A cire munduwar, in mayar da ita inda na same ta. In haƙa rami mai zurfi."

"In sake jira daga fari? Ka san tsawon abin da ka goge a zama ɗaya a inuwar bishiya?"

Ya rarrafa ya kama ƙafar Tabawa, ya ja munduwar da iyakar ƙarfinsa. Ko motsi ba ta yi ba. Ƙafar ta fizge daga hannunsa ta ci gaba da tafiya.

Aljanar ta ce, "Mayar mini da tsatsata, ka ɗauki matarka."

"Ta yaya?"

"Ƙasa a hankali take ci. Abu ɗaya ya fi ta sauri, hawayen ɗan Adam. Namu ruwan gishiri ne kawai. Naku da mantuwa yake fita. Na nema a wurin wannan, idonta a bushe."

Tabawa ta ce, "Na ƙarar da nawa tuntuni, a bayan rumbu."

Korau ya ce, "A kawo barkono."

Aka kawo. Ya murtsuke ya shafa a ido. Ruwa ya zubo sosai, ya tara a tafin hannu, ya bi Tabawa da rarrafe ya zuba a kan munduwar. Ta ƙara ƙyalli.

Kurzanatu ta ce, "Ka wanke ta, an gode. Hawaye na ce."

Ya zauna a kan dugadugansa. Ya tuna yunwar da ya sha a arewa, ya tuna mutuwar ubansa, ya matse ido. Ba komai. Kacau, kacau, Tabawa ta kai bango ta juyo. Ya ga ta fara tangaɗi. Ya san ba za ta daɗe ba.

Da ta zo daidai shi sai ta ce, "Malam, ka yi mini izini in yi rashin kunya."

"Yi."

Ta wuce, ta kai bango, ta juyo. Sannan ta buɗe baki ta ce, "Nomau."

 Nomau ɗansu ne na fari, shi ne kuma na ƙarshe. A garinsu iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa ɗaukarsa a gaban mutane, ba sa nuna sun damu da shi. Tabawa "yaron nan" take ce masa. Korau "kai" yake ce masa. Yaron ya isa kiwon awaki sai zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. A maƙabarta Korau ko ƙifta ido bai yi ba, dattawa suka yi ta yaba masa. Da ya dawo gida ya tarar da Tabawa ta fara sheshsheƙa, ya ce mata, "Mutane na ji." Daga ranar ba a ƙara maganar yaron a gidan ba.

Ya ce, "Ya isa, Tabawa."

"Ka riga ka ba ni izini." Ta yi gaba, muryarta na zuwa tare da ƙarar munduwa. "Ka tuna in ka tafi yawon gwangwan, yakan hau katanga ya zauna har magariba? Kana shan kwana sai ya diro ya ruga bayan ɗaki, don kada a ce yana jiran ubansa. Ni ina gani. Ban taɓa gaya maka ba."

"Na ce ya isa."

"Ran da jikin ya yi tsanani kana zaure da baƙi. Na ce in kira ka, ya ce a'a, kada a ta da Baba a gaban mutane. Can sai ya kama mini zani. Ya ce, Inna, in tambaye ki? Na ce tambayi. Ya ce, Baba ya san sunana kuwa?"

Ta zo daidai shi. Korau ya kama ƙafarta da hannu biyu ya kifa goshi a kanta. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa kamar ana jan tsohon ƙyaure.

"Ni na raɗa masa," in ji shi. "Ni na zaɓa. Nomau. Nomau!"

Ɗigo ɗaya ya sauka a kan tagullar. Inda ya sauka ya yi kore, kamar ƙwayar riɗi. Munduwa ta buɗe da kanta ta faɗi a dabe. Tabawa ta zube a jikinsa.

Shiru ya cika zauren, amma Kurzanatu ba ta yi kuka ba. Ta sunkuyo ta daɗe tana duban ɗigon nan kore. Ruwan idonta na hagu ya tsaya, ya ɗan jima, sannan ya ci gaba.

Ta ce, "Na ji sauƙi kamar na ƙiftawar ido. Na cika alkawari, matarka ta kuɓuta. Amma dubi munduwar, ka dubi abin da ka biya."

Korau ya ɗauke ta ya juya. Faɗinta ya cika hannunsa biyu, ja wur, sai ɗigo ɗaya.

"Zai ci sauran kwanakinka, wataƙila ma ba za su isa ba. Ba zan ɗaure ka ba. In ka tafi, kogin nan zai ci gaba da cika har ya shanye birnin, ni kuma zan ci gaba da zama a ranar nan. Zaɓi."

Ya share fuska da hannun riga. "Ni na ɓata. Ban taɓa barin aiki rabi ba."

Tabawa ta ɗago. "To mu zauna tare. Ni in ba da labari, kai ka yi kukan."

Ba ta rufe baki ba sai ta dafe ciki ta dunƙule. Yunwar duk tsawon lokacin da ta yi tana tafiya ta sauko mata gaba ɗaya.

Kurzanatu ta ce, "Wanda munduwa ke jikinsa ba ya jin yunwa, ba ya jin ƙishirwa. Mutum ɗaya take riƙewa. Abincinmu ƙashi ne, ruwanmu kin gan shi. In kin kwana nan, 'yar Adam, gawa zai wayi gari da ita."

"Sai mu riƙa karɓa-karɓa."

"Ta bar ƙafarki, ba ta komawa."

Tabawa ta dubi mijinta. "Malam, gidan da ba ka, wa zan dafa wa?"

"Za ki tafi," in ji shi. Muryarsa ta dawo irin ta da, amma ba ta tsaya daidai ba. "In mu duka muka zauna nan, wa zai yi wa yaron sadaka? Ki sayar da akuyar nan mai ƙaho ɗaya. Duk Juma'a ki soya ƙosai ki raba wa yara. In an tambaye ki na wane ne, ki faɗi sunansa. Da ƙarfi, kowa ya ji."

"Da naka?"

"Ni ban mutu ba."

"Me zan ce wa mutane?"

"Ki ce na sami aiki."

Kurzanatu ta tafa hannu, guguwa ta zo ta tsaya a bakin zaure tana jira. Ta tsinke wani silin gashinta ta naɗe wa Tabawa dugadugai, jinin ya tsaya. Ta ce, "Yafe mini, 'yar mutane."

Tabawa ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Inna. Na san ciwon."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango ta nufi ƙofa. Korau na zaune da munduwa a cinya, yana kallon bayanta, da kitson 'yan matan nan a kan furfura. Har ta sa ƙafa ɗaya a waje.

"Tabawa."

"Na'am, Malam."

 Ya nemi magana a ko'ina, abin da ya samu ke nan: "Tuwonki yana da daɗi. Ban taɓa faɗa ba."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Na sani. Ba ka taɓa ragewa ba."

Guguwa ta naɗe ta ta tashi. Ya bi ta da ido ta kan soraye, ta kan farin kogin, har ta zama kamar zare, har ba komai.

Kurzanatu ta gyara zama, ta janye gashinta ta yi masa wuri a kusa da ita. "Matso, ɗan Adam. Ba ni labarin ɗanka tun daga ranar da aka haife shi. In ka gama, ni ma in ba ka na tawa."

Korau ya matsa. Ya ɗora munduwar a tafin hannu, ya sunkuyar da kai a kanta. Ya ce, "Da damina aka haife shi." Bai kai ga kalma ta gaba ba ɗigo na biyu ya sauka, kuma shi kansa bai san ko na yaron ba ne ko na uwarsa.

Iyakar abin da ya iso mu na labarin Korau ɗan Jatau ke nan.